Gida daban, kanti daban: wace kafar zumunta ta dace da wace harka?

(Cikakken jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati)



Tambayar da aka ɗora wa wannan zama gajeruwa ce. Cikin waɗannan kafofin zumunta da suka cika wayoyin jama'a, wato WhatsApp, Facebook, TikTok, X da ƴan'uwansu, wacce ta dace da harkar iyali, wacce kuma ta dace da harkar kasuwa ko ta buro? Amsar da aka saba ji a tasha da bakin kasuwa ita ce duk ɗaya ne, wadda rezo ya ɗauka ita ce tagari. Wannan amsa ta ci dukiyar wasu, ta kai wasu gaban alƙali, saboda haka ya kamata a tsaya a dube ta da kyau.

Magabatan da suka gina gidajen unguwar Birni a Damagaram sun san dalilin da ya sa suka yi zaure. Baƙo a zaure yake tsayawa, abokin ciniki ma haka, cikin gida kuwa na iyali ne. Alhajin da ke da kanti a babbar kasuwar Maraɗi ba ya kai littafin bashi ɗakin uwargida, ba ya kuma baza sirrin ɗiyansa bisa teburin awo. To, wayar salula ta zo ta rushe wannan zaure. Lamba ɗaya ce ke karɓar gaisuwar suruki da odar buhu ɗari na wake da umurnin darakta da wa'azin Juma'a da habaicin ƴan siyasa, duk cikin sa'a guda, kuma yatsa ɗaya ne ke amsa su. Ranar da yatsan ya kuskure, hoton da aka nufi iyali da shi ya faɗa hannun abokan ciniki, ko farashin da aka yi wa wani a asirce ya faɗa gaban kowa. Don haka abin da za a auna kowace kafa da shi a nan shi ne: wa ke ganin abin da aka sa, me ke wanzuwa bayan an gama magana, kuma makullin wurin yana hannun wa.

WhatsApp ce ta fi cancanta a daɗe a kanta, domin ita ce ta mamaye ƙasar nan tun daga Yamai har Diffa. Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa ta a Amurka a 2009, amma abin da ya buɗe mata ƙofar kasuwannin Hausa shi ne saƙon murya, wanda ta shigo da shi a 2013. Daga ranar, wanda bai taɓa shiga lakkol ba, ko wanda karatunsa na allo ne, ya zama daidai da mai digiri: ya danna, ya yi magana da harshensa, ya saki. Ba ta neman adireshi, lambar waya take so, kuma ko rezo ya raunana saƙon yakan jira har ya samu hanya ya wuce. Mai albasa a Galmi yana jin farashin Ankara da Kumasi da Abijan kafin ya ɗora buhu a mota. Mai canji a Birnin Ƙonni ko Ɗan Isa yana jin yadda naira ta kwana a Wapa ta Kano kafin ya karya kumallo. Direba ya aiko hoton kaya a bakin iyaka, wanda ya aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza ya aiko hoton takardar. Dattawan da ke wannan zama suna tune da watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, yadda wanda ya riga jin labari a rediyo ya ci ribar wanda bai ji ba. Irin wannan tazara ta ragu ƙwarai. Haka kuma lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, saƙon murya ne ya riƙe zumuncin ciniki tsakanin mutanen da ba su iya ganin juna.

Sai dai WhatsApp tana da iyaka, kuma mutane da yawa ba su lura da ita ba. Galibi ba ta kai mutum sai wurin wanda ya riga ya san lambarsa. Hoton kayan da aka sa a status yana gushewa bayan sa'o'i 24, kuma babu mai ganinsa sai wanda suka ajiye lambar juna da mai shi. Jerin aikawa gaba ɗaya bai wuce mutum 256 ba, su ma sai waɗanda suka ajiye lambar. Gurup kuwa, wanda ya yi kama da fadar samari inda ake shan shayi, iyakarsa mutum 1,024. Ma'ana, wuri ne na riƙe tsohon abokin ciniki da kammala magana da shi. Sabon mai saye ba kasafai yake ɓullowa ta nan ba, sai in wani ya ba shi lambar.

Akwai kuma batun sirri, wanda ake yawan fahimta a karkace. Tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni ta yadda shi kansa ba ya iya karanta su a kan hanya. Wannan gaskiya ne. Amma kullin bai hana wanda aka aika wa ya ɗauki hoton maganar ko ya tura muryar gaba ba. Gurup mai mutum ɗari uku dandali ne, ko da an sa masa sunan iyali. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, kuma ba su ga zamanin da za a riƙa ajiye bunun a waya dubu ba.

Maganin cuɗanyar gida da kanti yana nan, kuma ba shi da tsada. A 2018 kamfanin ya fito da WhatsApp Business, wadda ƙaramin ɗan kasuwa ke ɗauka kyauta. Ana sa mata sunan kanti da wurin da yake da lokacin buɗewa, a jera hotunan kaya da farashi, a shirya amsar da za ta tafi da kanta idan mai kanti yana masallaci ko yana barci, a kuma yi wa kowane abokin ciniki alama, wane ya biya, wane ana binsa. Tana zama a waya ɗaya tare da WhatsApp ta gida, muddin kowace da lambarta, kuma yawancin wayoyin da ake sayarwa a nan masu layi biyu ne. Kuɗin gina zauren, ke nan, bai wuce kuɗin layi ɗaya na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom ba.

A nan ne akwai wani rami da ya kamata alhazai su kula da shi. Sau da yawa maigida ba ya son wahalar waya, sai ya miƙa wa yaron kanti, wanda ya yi boko, ya ce ya ji da ita. Yaron ya sayi layin da katin shaidarsa, ya buɗe, ya tara lambobin masu saye shekara biyar. Ranar da suka ɓata, ko yaron ya ga ya isa ya buɗe nasa, ya tafi da layin, kuma doka tana bayansa domin sunansa ke kai. Maigida ya wayi gari da kanti cike da kaya, masu sayen kuwa suna can suna magana da lambar da suka sani. Wanda sunansa ke kan layi shi ke da kasuwar, komai yawan jarin da wani ya zuba.

Facebook kuwa wata halitta ce daban. Mark Zuckerberg ya fara ta a 2004 don ɗaliban jami'ar Harvard, kuma tun 2016 ana iya juya ta zuwa Hausa. Ita fili ce, kamar ranar kasuwa, inda wanda bai san mutum ba zai iya tuntuɓe da kayansa. Wannan shi ne amfaninta ga mai kilishi da ke neman ƴan ƙasa mazauna Faransa ko Amurka, ga tela, ga mai sayar da fili, ga matar aure da ke sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗakinta ba tare da ta taka kasuwa ba. Ƴar'uwarta Instagram, wadda ta fi ƙarfi wajen hoto, ta dace da maƙeran azurfa na Agadas da dukawa masu neman mai saye daga Turai. Amma a lura, a Facebook ma akwai gida akwai kanti. Shafin mutum na kansa iyakarsa abokai 5,000, kuma a nan ne hotunan suna da biki da ra'ayin siyasa suke. Shafin sana'a ba shi da iyakar mabiya, ana iya ba mutum fiye da ɗaya ikon gudanar da shi, ana kuma iya biyan kuɗi a nuna tallarsa ga mutanen gari kaza masu shekaru kaza. Ɗan kasuwar da ke talla a shafinsa na kansa yana tilasta wa mai saye ya karanta ra'ayinsa kan gwamnati kafin ya ga farashin shinkafa, alhali kuwa masu sayen shinkafa ba ra'ayinsu ɗaya ba.

Illar Facebook ga mai sana'a ita ce ba shi ke zaɓar wanda zai ga tallarsa ba. Kamfanin kusan duk kuɗin shigarsa daga talla yake, saboda haka na'urarsa ce ke tace abin da kowa zai gani, kuma mai mabiya dubu goma zai iya sa kaya ƴan kaɗan daga cikinsu su gani, sai ya biya. Biyan ma yakan nemi katin banki, abin da yawancin ƴan tebur ba su da shi. Shi ya sa masu wayo suke amfani da Facebook wajen kiran mutane, su rubuta lambar kanti a ƙasa, ciniki kuma ya koma WhatsApp ya ƙare a can.

TikTok ta kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ta fi su duka iya kai mutum gaban baƙi, domin tana nuna bidiyo ga wanda take zaton zai so shi, ko da mai bidiyon ba shi da mabiyi ko ɗaya. Mai ɗinki ko mai sayar da waya zai iya wayar gari sananne. Sai dai tana shan mega kamar rairayi da ruwa, masu kallonta galibi samari da ƴanmata ne, kuma yawan kallo ba ya nufin yawan saye. Dattijon da ya kwashe shekara talatin yana gina sunansa ya kamata ya san cewa filin na raha ne, abin da ke tashi a cikinsa ba kullum yake tafiya da mutunci ba. X, wadda aka sani da Twitter kafin Elon Musk ya saye ta a 2022 ya canza mata suna a 2023, majalisar ƴan jarida ce da ƴan siyasa da jakadu. Mai sayar da aya ba shi da abin ɗauka a can. LinkedIn ta Microsoft ta fi amfani ga ma'aikacin da ke hangen aiki a ƙungiyoyin duniya, in yana rubuta Faransanci ko Ingilishi. Telegram tana ɗaukar manyan takardu da gurup mai mutum 200,000, amma hirarta ta yau da kullum ba ta da irin kullin WhatsApp sai an zaɓi hirar sirri.

Dukansu kuwa a filin aro suke. Facebook ta sayi Instagram a 2012 kan dalar Amurka miliyar 1, ta sayi WhatsApp a 2014 kan kusan miliyar 19, ta kuma sa wa kanta suna Meta a 2021. Wanda ya raba kasuwarsa tsakanin waɗannan uku yana zaton ya raba ƙafa, alhali mai gida ɗaya yake haya a wurinsa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 dukansu uku suka mutu kusan sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. A nan gida, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an yanke intanet na wayar salula kusan kwana goma. Maƙwabciya Cadi ta toshe kafofin zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, Indiya ta haramta TikTok tun 2020. Kayan aro ba ya rufe katara. Lambobin masu saye da lissafin bashi in ba su da kwafi a littafi na takarda, mai su yana riƙe da su ne da izinin wani kamfani a Kalifoniya da kuma izinin mai iko da rezo.

Wannan ya kawo maganar hujja. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take cikin ƙasashen da ke aiki da ita, tun gyaran da aka yi mata a 2010 ta yarda a kafa hujja kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Saƙon waya, ke nan, ba wasa ba ne a gaban kotun kasuwanci. Amma wace hujja ce a cikin muryar da ta ce ba komai, a aiko kaya, sai an ga juna? Ga kuma matsalar ƙidaya. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, in ya ce ɗari yana nufin sefa 500, in ya ce jika yana nufin 1,000. Abokin cinikinsa na Katsina ko Kano da naira yake tunani, kuma jakarsa ba jikar nan ba ce. Murya ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, kowa kuma ya rantse da gaskiyarsa. Ƙari a kan haka, WhatsApp tana ba mai aikawa damar goge saƙo daga wayoyin biyu, tana kuma da saƙon da ke ɓacewa da kansa. Abin da ya fi shi ne bayan an gama hira da baki a rubuta layi ɗaya: kaya kaza, adadi kaza da lambobi, sefa ko naira, ranar biya kaza, ɗayan kuma ya amsa a rubuce. Malamai sun sha tunatarwa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Ɓarayi ma sun shigo kasuwar da nasu salon. Wani ya bugo ya ce an aiko wata lamba mai alƙaluma shida bisa kuskure, a karanto masa. Duk wanda ya karanta ya miƙa makullin WhatsApp ɗinsa, kuma kafin la'asar ana roƙon ƴan'uwansa da abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. Akwai kulle na biyu a cikin saitin, lambar sirri da mai waya ke zaɓa da kansa, wanda ke toshe wannan ƙofa, kuma sa shi bai kai minti biyu ba. Hoton takardar aika kuɗi shi ma yaro mai kwamfuta yana iya ƙera shi. Kaya ba sa barin sito sai an ga kuɗin a hannu ko a asusu.

Ga ma'aikatan gwamnati, lamarin ya fi nauyi. Kusan kowane buro yanzu yana da gurup, kuma a cikinsa ake haɗa sanarwar rasuwa da barka da haihuwa da kiran taro da umurnin aiki. Umurnin da ya zo da murya ba shi da lamba, ba shi da hatimi, ba ya shiga rajista. In abu ya yi kyau, kowa ya ce shi ya ba da shi. In ya ɓaci, sai a nemi takarda a rasa, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya aiwatar shi ke kwana a ciki. Haƙƙinsa ne ya nemi a biyo masa da rubutu. Haka nan takardar da ba a riga an sa wa hannu ba, wani ya ɗauki hotonta don ya nuna wa aboki ɗaya, kafin magariba ta zaga ƙasa. Sirrin aiki da ke wuyan ma'aikaci bai sauka ba don takardar ta zama hoto.

Doka kuma ta canza sau uku cikin shekara biyar, ya kamata kowa ya san inda ta tsaya. A Yulin 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet. A ƙarƙashinta ne a Janairun 2022 kotu ta yanke wa ƴan jarida Moussa Aksar da Samira Sabou hukuncin ɗaurin talala, saboda sun sake watsa rahoton wata ƙungiyar waje kan fataucin miyagun ƙwayoyi, rahoton da ba su suka rubuta ba. A cikin 2022 ɗin majalisa ta cire ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna. A Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyon 1 zuwa 5 kan zagi ko ɓata suna ta na'ura, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyon 2 zuwa 5 kan watsa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun soki wannan mataki, kuma suna da hujja, domin kalmar dagula zaman lafiya riga ce mai faɗi wadda za a iya sa wa kowa, ƴancin faɗar albarkacin baki kuwa ba kyauta aka samo shi ba a taron ƙasa na 1991. Amma ko ana son dokar ko ba a so, ba ta tambayar ko a Facebook aka yi maganar ko a gurup ɗin ƴan ajinmu, kuma uzurin cewa turowa aka yi ba ya fitar da mai turawa. Ma'aikacin da ke da ra'ayi, kamar kowane ɗan ƙasa, ya fi masa kada ya furta shi da lambar da ke kan takardun ofishinsa.

Saura batu ɗaya da ba a cika son tayarwa ba, wato gado. A da, in attajiri ya rasu, magada sukan zauna da littafinsa, a ga wanda yake bi da wanda ke binsa kafin a raba dukiya. Yanzu lissafin yana cikin waya, wayar tana kulle da zanen yatsan mamaci. Facebook tun 2015 ta ba da damar mutum ya naɗa wanda zai kula da shafinsa bayan ransa, shafin sana'a kuma in yana da masu gudanarwa biyu ba ya mutuwa da mutuwar ɗaya. WhatsApp ba ta da irin wannan tanadi. Asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba takan share shi, kamfanin waya kuma yakan karɓe layin da aka daina amfani da shi ya sayar wa wani. Cikin ƴan watanni, lambar da fatake daga Kano zuwa Abijan suka sani da sunan Alhaji tana iya komawa hannun baƙo, masu bashi na ƙwarai su rasa wanda za su biya, marasa tsoron Allah su yi shiru, marayu kuma ba su da takardar da za su nuna wa alƙali. Wanda ya ware layin kanti, ya yi masa rajista da sunansa ko na kamfaninsa, ya sanar da amini ɗaya ko babban ɗa lambar sirrin, yana kuma kwafe bashi a littafi kowane ƙarshen mako, ya sauƙaƙa wa masu rabon gadonsa aikin wata shida.

Sauran lokacin na tambayoyi ne, kuma za a fara da ɓangaren hajiyoyi.